Jikina ya yi tsami bayan ɗaga ƙarfe: in koma ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Shekarata 29, nauyina kilo 70, ina zaman shago a Kano, kuma rabona da motsa jiki tun ƙwallon sakandare. Ranar Asabar da yamma wani abokina ya ja ni gidan motsa jikin da yake zuwa. Kocin wurin ya haɗa ni da waɗanda suka daɗe suna yi. Ya ɗora min ƙarfe a kafaɗa na yi ta tsugunawa ina tashi, zagaye biyar, kowanne sau 20. Aka yi tsallen kwaɗo, sannan muka yi ta naɗo ƙarfe da hannu har damtsena ya ƙi ɗaguwa. A ranar lafiya lau na koma gida. Lahadi na ɗan ji jiki. Litinin kuwa sai da na dafa bango kafin na sauko daga bene, hannuwana ba sa miƙewa sosai, ruku'u da zaman tahiya sun zama aiki, tsugunno a banɗaki kuwa ba a magana. Ga kasala, a shago gyangyaɗi nake yi. Abokina ya ce sinadarin laktik ne ya taru, in koma a sake yi zai watse. Na sayi diclofenac a kemis ina sha safe da yamma, wani kuma ya ce in gwada tramadol. Yau Talata, ga zafin bazara ana fama. Rauni na ji, ko haka abin yake? In koma ko in haƙura? Na riga na biya kuɗin wata.

Wani mai karatu, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Kafin mu shiga amsa, akwai abin da muke so ka yi yau ɗin nan. In za ka yi fitsari, ka tara shi a gorar ruwa da ka yanke bakinta, ka fita da shi inda haske yake ka duba launinsa, domin a masai ba za ka gane komai ba. In ruwan ɗorawa ne, ko da ya ɗan yi duhu, kuma ka sha ruwa ya washe, to hankalinka ya kwanta. In kuwa ka ga ya koma launin baƙin shayi ko na lemon Coke, ajiye wayar nan ka nufi asibiti, dalilin yana nan tafe. Abu na biyu, diclofenac ɗin ka dakatar da shi daga yanzu, tramadol kuwa ko kusa da shi kada ka je.

Bisa yadda ka zayyana, mafi rinjayen zato shi ne tsamin jiki ne irin wanda ke biyo bayan aikin da tsoka ba ta saba da shi ba. Jerin kwanakinka ma kaɗai ya nuna haka. Irin wannan ciwo ba ya zuwa a wurin motsa jiki. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya riƙa saki har ya wuce cikin kwana biyar zuwa bakwai. Asabar ka yi, Litinin da Talata su ne tsakiyar wahalar. Ya kamata daga Laraba ko Alhamis ka ji kowace safiya ta fi ta jiya dama.

Ga abin da ya faru a cikin cinyarka. Idan kana tashi daga tsugunno, tsokar gaban cinya takurewa take yi ta ja ƙashi. Idan kana sauka kuwa, ita ce dai ke riƙe da kai da ƙarfen don kada ka zube, sai dai a wannan karon tana ɗaure ne kuma ana miƙar da ita. Wannan riƙon na saukowa shi ne ke ɓarna. Yana jawo 'yan ƙananan yagewa a cikin zaren tsoka da fatar da ta lulluɓe shi, irin waɗanda ido ba ya gani. Jiki sai ya aiko da jini da ƙwayoyin gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ƙara saurin ji, har taɓawa kaɗan ta zama zafi. Gyaran nan ba ya tashi nan take, shi ya sa ka koma gida ranar Asabar kana ganin ka ci bulus. Shi ya sa kuma saukowa daga bene ta fi hawa zafi: a kowace matakala ta ƙasa, cinyar tana maimaita ainihin aikin da ya ji mata. Kai kuwa sau ɗari ka sauka da ƙarfe a kafaɗa, ka ɗora da tsallen kwaɗo, wanda kowace dirarsa riƙo ne mai ƙarfi, duk a ranar farko bayan shekaru kana zaune. Hannun da ya ƙi miƙewa ma labarin ɗaya ne, tsokar gaban damtse ce ta kumbura ta ƙage.

Maganar laktik da abokinka ya yi tsohuwar magana ce da ta daɗe tana yawo a wuraren motsa jiki, amma ba daidai ba ce. Gaskiya ne sinadarin yana ƙaruwa a jini lokacin da kake tsaka da aiki mai tsanani, sai dai cikin kamar awa ɗaya da tsayawa ya koma yadda yake. Abin da ya bar jikinka tun daren Asabar ba shi ne ya hana ka ruku'u ranar Litinin ba. Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin a kansa ake gina shawarar "koma a sake yi zai watse". Babu wani abu da ya taru da za a watsar. Tsoka ce ke kan gyara, kuma a kwanakin nan ƙarfinta ya ragu ƙwarai, ƙafar ma ba ta jin inda take taka kamar da. Wanda ya ɗora ƙarfe a kafaɗa da cinya irin wannan, bayansa da gwiwarsa ne za su ɗauki nauyin da cinyar ta kasa, kuma daga nan ne raunin gaske ke fitowa.

Yana da kyau ka san yadda ake rarrabe tsami da rauni, don za ka buƙaci sanin har gaba. Tsami yakan kama ɓangare biyu, cinyar dama da ta hagu kusan daidai, a cikin naman tsoka, a shimfiɗe, ba ka iya nuna shi da ɗan yatsa ɗaya. In ka zauna shiru yakan lafa, in ka tashi ya motsa, in ka yi tafiyar minti goma ya ɗan saki. Yagewar tsoka kuwa a take ake jin ta ana cikin ɗagawa, kamar an soka maka abu, wani lokaci har da 'yar ƙara. Gefe ɗaya take kamawa, wuri ɗaya, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu fatar wurin na iya yin baƙi saboda jinin da ya kwanta. Ciwon da ke cikin gaɓa kanta, a ƙoƙon gwiwa ko can cikin kafaɗa, ko wanda ke tasowa daga ƙugu ya bi ƙafa da zugi ko mutuwar fata, duk ba tsami ba ne, likita ne zai duba su.

Yanzu dalilin duba fitsari. In ɓarnar tsoka ta wuce kima, abin da ke cikin zarenta yakan tsiyaye ya shiga jini. Daga ciki akwai wani furotin mai launi da ake kira mayogulobin. Ƙoda ce ke tace shi, kuma in ya yi yawa yakan toshe ƙananan hanyoyinta ya ji mata ciwo, har ta iya tsayawa da aiki. Likitoci na kiran wannan rabdomayolisis. Ba kowa yake samu ba, amma waɗanda aka fi gani da shi su ne masu irin labarinka: sabon shiga ko wanda ya daɗe bai yi ba, maimaici mai yawa a tsoka ɗaya, gasa da waɗanda suka saba, ga zafi, ga ƙarancin ruwa. Baƙin fitsari shi ne alamar da aka fi sani, amma ba kullum yake bayyana ba. Don haka ka lura da sauran: fitsari ya ragu ƙwarai duk da kana shan ruwa, cinya ko damtse ya kumbura ya yi tauri kamar zai fashe, ciwo yana cinka ko kana kwance, rashin ƙarfi har ba ka iya ɗaga kofi ko tashi daga kujera, tashin zuciya da amai, ko ciwon yana ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon ya ragu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, asibiti ne, ba kemis ba. Ka gaya wa likita irin motsa jikin da ka yi da ranar da ka yi shi da maganin da ka sha. Za a gwada fitsari, a ɗebi jini a yi gwajin CK wanda ke nuna yawan ɓarnar tsoka, a duba aikin ƙoda. Babban maganin ƙarin ruwa ne ta jijiya, kuma wanda ya zo da wuri galibi ƙodarsa na warwarewa sarai.

Ka san jinotayif ɗinka? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa, da yawa kuma ba su sani ba sai an zo maganar aure. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ba a hana shi motsa jiki, akwai manyan 'yan wasa masu shi. Amma wani bincike da aka wallafa a 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya gano cewa masu AS sun fi sauran fuskantar wannan rugujewar tsoka da kimanin kashi 54 cikin ɗari, kwatankwacin ƙarin haɗarin da aka gani ga masu shan taba. Amfanin sani shi ne mutum ya fara a hankali, ya huta tsakanin zagaye, kada ya yarda da gasar "wa zai fi daɗewa" a cikin zafi. Haka ma mai shan maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin ko simvastatin, ya sanar da likitansa kafin ya fara ɗaga ƙarfe.

Daga nan za ka ga abin da ya sa muka ce ka ajiye diclofenac. Shi da ibuprofen da piroxicam dangi ɗaya ne, kuma dukkansu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ga mai ƙoshin ruwa da ya sha na kwana biyu, yawanci ba komai. Ga wanda ya yi gumi a bazarar Kano, tsokarsa ta ji jiki, ƙodarsa na kan aikin tacewa, ƙarin nauyi ne a lokacin da bai dace ba. Ga kuma gyambon ciki da suke tayarwa, musamman in an sha ba a ci abinci ba, ga hawan jini da suke tunzurawa. Haɗin nan da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda, ƙwaya huɗu ko biyar don "ciwon jiki", ya fi muni, domin sau da yawa za ka tarar da biyu daga dangin nan a ciki, mai sha kuma bai san me ya haɗiya ba. Tramadol kuwa ba ya gyara komai a tsoka. Ƙwaƙwalwa yake rufe wa ido, sai mutum ya koma ya ɗaga abin da jikinsa ke roƙon ya bari. Yana kama mutum ya zama ba ya iya aiki sai da shi, yana kuma jawo farfaɗiya in an sha da yawa. Mun ga yadda ya lalata samari masu ƙarfi a garuruwanmu, kuma da yawansu da sunan maganin gajiya suka fara. In ciwon ya hana ka barci, paracetamol ya isa: ƙwaya biyu ta miligiram 500, a bar aƙalla awa shida kafin a sake, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24, kuma mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna.

To me za ka yi a kwanakin nan? Abin da ya fi taimako shi ne motsi mara nauyi. Kwanciya wuni guda ƙara ƙagewa take yi. Ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a ƙasa mai shimfiɗa, da sassafe ko bayan magariba, ko ka tuƙa keke a hankali. A shago kada ka wuce awa ɗaya a zaune ba ka tashi ka ɗan zaga ba. Sauƙin da za ka ji na ɗan lokaci ne, ciwon zai dawo in jiki ya huce, wannan ba alamar wani abu ya lalace ba ne. Hannun ka riƙa miƙe shi kana naɗewa a hankali sau 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a wuni, iya inda ya tsaya da kansa. Kada ka bari wani ya kama ya fizge shi da sunan zai warware maka.

Gashi da ruwan ɗumi yana sa tsoka ta saki. Tawul a tsoma a ruwan da hannu ke iya jurewa, a matse, a ɗora a cinya minti 15 zuwa 20. Tausa ma na rage zafin, amma mai taushi, da tafin hannu, daga gwiwa zuwa sama. Irin tausar nan ta danna gwiwar hannu a cikin nama har mutum ya yi ihu ƙarin ɓarna ce. Man zafi yana ɗauke hankalin fata daga ciwon ne kawai, ba laifi a shafa, sai dai kada a shafa shi sannan a ɗora ruwan zafi a kai, fata na iya ƙonewa. Za ka ga 'yan ƙwallon Turai suna shiga ruwan ƙanƙara bayan wasa. Yana rage tsami, minti 10 zuwa 15 a ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 15, amma su gobe ko jibi suna da wani wasan ne. Ga mai neman tsoka ta ƙaru, yin haka kullum bayan ɗaga ƙarfe yana rage girman da ake nema, don haka ba ka da buƙatarsa. Miƙe-miƙen jiki kafin motsa jiki ko bayansa yana da amfaninsa, amma an gwada an ga kusan ba ya hana tsami, kada ka ɗauka rashinsa ne ya jawo maka.

Game da salla, addini ya yi rangwame ga wanda ya kasa tsayuwa ko ruku'u saboda lalura, malamin unguwarku zai yi maka bayanin yadda ake yi. A banɗaki kuwa, ka sami abin dafawa mai ƙwari, ka sauka a hankali, domin cinya mai tsami takan saki ba zato.

Kasalar da kake ji tana da tushe fiye da ɗaya, kuma a nan ne yawancin sababbin shiga ke cutar kansu ba su sani ba. Na farko ruwa. A zafi irin na Afrilu, mutum na iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi cikin awa guda a ɗakin da ba iska. Hanyar sanin naka mai sauƙi ce: hau sikeli kafin ka fara, ka sake hawa bayan ka gama ka goge gumi. Kowane kilo ɗaya da ya ragu ruwa ne, ba kitse ba, kuma ana mayar da shi da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, wato kamar ledar fiya wata uku, a sha a rarrabe cikin awanni, ba a ɗaga kai a shanye lokaci ɗaya ba. Gumi na tafiya da gishiri, amma abinci mai miya yakan mayar da shi. In gumin ya yi yawa har kana jin jiri ko ciwon kai, ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Ma'aunin yau da kullum shi ne fitsari ya kasance ruwan ɗorawa mai haske. Ba a kuma so a yi ta ɗura ruwa fiye da kima, shi ma yana da illarsa.

Na biyu abinci. Tsoka tana ajiye makamashinta ne daga abinci mai sitaci, tuwo, shinkafa, dankali, doya, fura. Aiki irin wanda ka yi yana kwashe kaso mai yawa na ajiyar, mayar da ita na ɗaukar kamar wuni guda in an ci sosai, tsokar da ta ji jiki kuma ta fi haka jinkiri. Masu fara motsa jiki don rage tumbi sukan yanke tuwo da shinkafa a satin da suka fara, sai su yi ta mamakin jiri da kasala. Ba yanzu ne lokacin rage ci ba. Shi kuwa gyaran tsoka furotin yake so, kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a wuni, wato kai wajen giram 110. Ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba. Ƙwai biyu da safe giram 12 ne. Kofi ɗaya da rabi na dafaffen wake a cikin shinkafa da wake ya kai wajen 20. Kifi ko nama dafaffe mai girman tafin hannu, kamar giram 100, yana ba da wajen 25. Kofin kindirmo kamar 8, cikin hannu na gyaɗa kamar 7, 'yan yankan awara su ƙara goma da wani abu, hatsin da ke cikin tuwo da burodi su cike saura. A raba shi gida uku ko huɗu a wuni ya fi a tara shi duka a tsiren dare.

Na uku barci, awa bakwai zuwa tara. Yawancin gyaran a cikinsa ake yi, kuma wanda bai samu barci ba ya fi jin zafin ciwo. Lemukan ƙara kuzari da garin da ake sha kafin ɗaga ƙarfe cike suke da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda rabinsa na nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha da la'asar ya shiga gidan motsa jiki, sha biyun dare idonsa biyu, gobe ya tashi a gajiye ya sake sha.

Abu ɗaya da tsami ba ya kawowa shi ne zazzaɓi. In jikinka ya yi zafi, kana rawar sanyi, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, ka je a yi gwajin maleriya, kada ka jingina wa ƙarfe. Mai zazzaɓi ba ya motsa jiki sai ya warke. Haka nan ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ita kaɗai, duk na gaggawa ne.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Ka koma, amma ba yau ba, kuma ba irin na ranar Asabar ba. Jiki yana da wata baiwa da manomi ya fi kowa saninta: huɗar farkon damina ita ke kwantar da mutum, ta sati na biyu kuwa a gona ɗaya da garma ɗaya ba ta yi masa komai. Tsoka in ta sha wani aiki sau ɗaya ta warke, takan samu kariya daga irinsa ta makonni. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba sai an sha wuya ake samun kariyar ba, aiki kaɗan ma yana ba da ita. Da kocin ya ba ka zagaye biyu marasa nauyi a ranar farko, da ka samu kariyar ba tare da ka rasa sati guda ba. Haɗa sabon shiga da tsofaffin hannu a ba su aiki ɗaya kuskure ne a koyarwa, ko da niyyar mai yi kyakkyawa ce. Kuma kada wani ya ce maka tsami shi ne shaidar aiki ya yi kyau. Mutane da yawa suna ƙara ƙarfi da tsoka wata da watanni ba tare da sun ji wani tsamin kirki ba.

Ranar komawa ita ce ranar da ka sauko daga bene ba dafa bango, ka tsuguna ka tashi sau goma ba nauyi ba tare da ka karkace ba, hannunka kuma ya miƙe sarai. A lissafinmu ba zai wuce ƙarshen satin nan ko farkon na gaba ba. In ɗan tsamin da ya rage yana ɓacewa bayan ka ɗumama jiki, ka yi aikinka. In yana canza yadda kake motsi, ka ƙara kwana ɗaya ko biyu.

Satin farko da na biyu ka je sau uku, da hutun wuni ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin, Laraba, domin tsokar da aka yi wa aiki tana son kamar awa 48 kafin a sake ta. Ka fara da minti biyar zuwa goma na tafiya da sauri ko keke, sannan kowane motsi ka gwada shi da nauyi kaɗan kafin na gaske. Motsi biyar ko shida sun isa: ɗaya na tsugunno, ɗaya na bayan cinya da ƙugu, ɗaya na turawa don ƙirji, ɗaya na jawowa don gadon baya, ɗaya na ɗagawa sama don kafaɗa, ɗaya na ciki. Kowanne zagaye biyu, sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Babban sharaɗin shi ne nauyin: ka zaɓi wanda in ka ajiye, kana jin da za ka iya ƙara uku ko huɗu. Tsugunnon ka fara da jikinka kawai ko da ƙaramin ƙarfe riƙe a ƙirji, ƙarfen kafaɗa ya jira sai ƙafa ta koyi hanya. Tsallen kwaɗo ka cire shi gaba ɗaya a watan farko. A sati na uku ka ƙara zagaye ya zama uku. Duk motsin da ka kai sau 12 a dukkan zagayensa cikin sauƙi, ka ƙara masa kilo biyu zuwa biyu da rabi, ka koma sau 8. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nauyi ko zagaye, ba duka biyu ba. Ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga a waya, domin wanda ba ya rubutawa abin da na kusa da shi ya ɗaga yake kwaikwayo.

Ka sami kocin a gefe ka gaya masa cikin mutunci cewa aikin ranar ya kwantar da kai kwanaki, kana so a fara maka daga ƙasa. Koci nagari zai ji ya gyara. Wanda ya yi maka dariya ko ya ce rashin jarumta ne, ka yi amfani da kayan wurin da tsarin da muka ba ka, ka bar ajinsa. In kuma a wurin wani ya tallata maka allura ko ƙwayar "buɗa jiki", ka ce a'a kai tsaye, ɓarnarsu a hanta da zuciya da haihuwa take fitowa.

A watannin zafi ka zaɓi bayan asuba ko bayan magariba, ka shiga da ruwanka a hannu kana kurɓa. In azumi ya zo, ka mayar da shi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, ka rage zagaye, kada kuma ka fara wani sabon motsi mai wuya da ƙishirwa a wuya. Bayan sati uku ko huɗu a kan wannan tsari, tsamin ya kamata ya zama ɗan kaɗan da ba ya hana ka komai. In har lokacin kasala ba ta sake ka ba duk da kana ci kana barci, ko kana haki a hawan benen da da ba ya ba ka wahala, ka je a duba yawan jininka da sukari da hawan jini kafin ka ƙara ko kilo ɗaya a ƙarfen.